Buhari Biyu, Aliyu Biyu: Yadda Salsala Ke Rikita Kwamfuta

Matasa sun fara kwashe salsalar gidajensu daga bakin tsofaffi suna zubawa a manhajojin asali, kuma nan da nan gardama ke tashi: wannan sunan da ya fito sau biyu, mutum ɗaya ne ko biyu? Rikicin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A da maroƙa da malamai ne ke riƙe da salsala, su kuwa da kirari da laƙabi suke bambance mutane. Tsarin GEDCOM, wanda cocin Mormon ta Amurka ta fitar a 1984, shi ya ba manhajoji damar musayar sunaye. Manhajar takan gwada suna da iyaye da ranar haihuwa, in sun yi kama ta ba da shawarar a haɗe.

To, a kawo ta ƙasar Jega. Buhari ɗan Abdussalami Bagimbane ne ya kafa garin, bayan an ci Kware a 1818 mahaifinsa ya rasu. A wancan zamanin kuma akwai Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, na Tambuwal, ga garuruwan ba nisa. Wanda ya haɗe su ya mayar da Gimbanawa jikokin Shehu ke nan da latsawa ɗaya. Shi kansa Abdussalami sunansa na farko Mika'ilu, sai manhaja ta raba mutum guda gida biyu.

Na Sakkwato ya fi wuya. Aliyu Babba, Sarkin Musulmi daga 1842 zuwa 1859, da Aliyu Ƙarami, 1866 zuwa 1867, duk 'ya'yan Muhammadu Bello ne: suna ɗaya, uba ɗaya, sarauta ɗaya.

Wasu na ɗora laifin kan Turawa da suka karkace rubutun sunaye, wasu kan rashin takardar haihuwa. Duka biyun sun taimaka, amma ba su ne tushe ba. Tushen yana cikin gida: ana maimaita sunan kaka don neman albarka, sannan alkunya ta hana a kira shi, sai yaro ya tashi da Abba ko Maikano, sunan yanka ya ɓuya.

Don haka mai shigar da sunayen gidansu a Aliero ko Maiyama kada ya haɗe kowa sai ya tambayi sunan uwa da laƙabi.