Tunawa da Marigayi Alhaji Abubakar Imam

Jama'a, mu 'yan kasuwa mun san darajar kwabo, amma Imam ya nuna mana abin da ya fi shi. An haife shi a Kagara cikin 1911. Yana malanta a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, daga baya ga Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, shi aka ba aikin edita. Ta bakinta iyayenmu na nan kurmi ke jin labarin gida da Hausa tsantsa. Ya rasu cikin 1981. To, 'ya'yanmu nawa ke iya karanta littattafansa yau? Mu saya musu, mu zaunar da su. Allah ya jiƙansa, amin.