Takardar tambayoyin hali: yadda ake gano larurar BPD

A unguwanninmu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, idan mutum yau yana sonka kamar ya haɗiye ka, gobe ya tsane ka ba dalili, sai a ce mugun hali ne ko iskokai. To amma akwai wata larura da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira BPD, wato rashin daidaituwar hali da zuciya. Zan yi bayanin yadda takardar tambayoyi ke taimakawa wajen gano ta.

Kundin DSM-5 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya lissafa alamomi 9, kuma sai an samu aƙalla 5 a mutum. Cikinsu akwai tsananin tsoron a guje shi, fushin da ya wuce kima, jin zuciya wayam, da ji wa kai rauni.

Takarda mafi sauƙi ita ce MSI-BPD, wadda Mary Zanarini da abokan aikinta suka fitar a 2003. Tambayoyi 10 ne, amsarsu e ko a'a. Wanda ya amsa e sau 7 ko fiye, sai a zurfafa bincike a kansa.

Akwai kuma PID-5, mai jimloli 220 da ke auna halaye 25. Wajen BPD, halaye 7 ake dubawa: saurin sauyawar zuciya, fargaba, tsoron rabuwa, baƙin ciki, aikata abu ba tunani, kasada, da zafin rai. Ana neman 4 daga ciki, ɗaya kuma dole ya fito daga ukun ƙarshe.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, takarda tankaɗe ce kawai, hukunci na likita ne. Wanda aka yi wa rasuwa ko aurensa ya mutu yana iya cin maki da yawa alhali ba ya da larurar. Shi ya sa likita kan zauna da mutum, ya bi tarihinsa tun ƙuruciya. Don haka kada a cike takarda a intanet a liƙa wa mata ko ɗa suna.

Ana ganin irin waɗannan likitoci a asibitocin ƙwaƙwalwa na Yaba, Aro a Abeokuta, da Uselu a Benin. Larurar tana jin magani, musamman zaman koyon sarrafa zuciya na DBT da Marsha Linehan ta ƙirƙiro. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, a kai shi asibiti ranar, kada a jira wata takarda.