Daga Kurkuku Zuwa Tara: Yadda Gana Ta Sauya Dokar Miyagun Ƙwayoyi

A shekarar 1990, zamanin mulkin soja na Jerry Rawlings, Gana ta kafa doka mai lamba 236 kan miyagun ƙwayoyi. Duk wanda aka kama yana shan wiwi, hukuncinsa bai gaza shekara 5 a kurkuku ba, wanda aka samu da ita a aljihu kuwa shekara 10. Shekara 30 aka yi a kan haka. Gidan yarin Nsawam ya cika ya batse, amma masu fataucin hodar ibilis daga Kudancin Amurka zuwa Turai ba su fasa bi ta yankin ba.

A 2013 Kofi Annan ya kafa hukumar nazarin matsalar a Afirka ta Yamma, Olusegun Obasanjo ya shugabance ta. Rahotonta na 2014 ya nuna cewa yankin ya tashi daga hanyar wucewa ya zama kasuwa, kuma ɗaure mashaya bai rage shaye-shaye ba. Hukumar ta ba da shawarar a ɗauki mashayi a matsayin majinyaci, a tattara ƙarfin doka kan manyan dillalai.

A 2020 majalisar dokokin Gana ta zartar da doka mai lamba 1019. Wanda aka samu da ƙwaya don shan kansa, tara zai biya, daga sidi 2,400 zuwa 6,000. Sai dai wanda ya kasa biya, yana iya shan ɗaurin wata 15. Ke nan ɗan mai hali ya tsira, ɗan talakan zango kuwa har yanzu ƙofar Nsawam a buɗe take gare shi.