Yadda Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Nijeriya Ya Rasa Masu Zaɓe da Ƙananan Jam'iyyu

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma a ƙa'ida babu matakin mulkin da ya fi su kusa da talaka, domin kundin tsarin mulki ya ɗora musu kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara, tare da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Duk da wannan kusanci, zaɓen shugabanni da kansilolinsu shi ne wanda jama'a suka fi ƙaurace wa, kuma shi ne wanda ƙananan jam'iyyu, wato waɗanda ba su riƙe da gwamnatin tarayya ko ta jiha, suka fi shan wahalar samun ko da kujera ɗaya a cikinsa. Waɗannan matsaloli biyu tushensu ɗaya ne, kuma tarihi ya nuna cewa ba ragwancin masu zaɓe ne ya haife su ba, tsarin da aka gina sannu a hankali ne ya koya wa mutane cewa an riga an san sakamako tun kafin a buɗe akwati.

A zamanin Turawa, mulkin ƙasa a Arewa yana hannun En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta tare da hakimai da dagatai, wadda ke karɓar haraji da jangali, kuma tana da 'yan doka, kotunan alƙalai da gidajen yari nata na kanta. Ba a fara maganar zaɓe da gaske ba sai a 1950, shekarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman gyaran En'e a majalisar Arewa, kuma shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe ƙofar shigar da zaɓaɓɓun wakilai majalisu, amma abin da ya faru a Ilorin ya nuna iyakar wannan ƙofa: ƙungiyar talakawa ta Talaka Parapo, tare da ƙawarta jam'iyyar AG, ta samu rinjaye a majalisar En'e a 1957, sai gwamnatin Arewa ta rushe majalisar a 1958. Tun daga lokacin aka ga cewa ƙaramar jam'iyya tana iya cin zaɓe a ƙasa, amma riƙe kujerar ya dogara ne ga yardar wanda ke sama.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta aiwatar da gyaran da aka soma tsarawa a zamanin Murtala Mohammed, ta kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, ta ba su matsayin mataki na uku na gwamnati, ta kuma mayar da sarakuna majalisun ba da shawara. An yi zaɓen farko a watan Disamba na wannan shekara ba tare da jam'iyyu ba, kuma a cikinsa ne matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a karo na farko. Kundin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar, a sashe na 7, cewa za a riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun majalisu, sai dai gwamnonin Jamhuriya ta Biyu, na kowace jam'iyya, sun rushe majalisun da suka tarar, sun naɗa kwamitocin riƙo daga cikin magoya bayansu, har sojoji suka kifar da gwamnati a ƙarshen 1983 ba a yi zaɓen ba. Daga nan ne kantoma, wato shugaban da gwamna ya naɗa ba tare da ƙuri'a ba, ya zama fuskar ƙaramar hukuma da jama'a suka fi sabawa da ita.

Abin lura shi ne, zaɓukan ƙananan hukumomi da suka fi armashi a tarihin ƙasar an yi su ne a ƙarƙashin soja, domin hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta shirya su a rana ɗaya, kuma babu gwamnan farar hula da ke da jam'iyyar da zai kare. Gwamnatin Ibrahim Babangida ta shirya zaɓen da babu jam'iyya a Disambar 1987, ta fara biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sannan a Disambar 1990 aka fafata tsakanin SDP da NRC, jam'iyyu biyun da gwamnati ta ƙirƙira da kanta. A wannan zaɓe aka yi amfani da tsarin da Hausawa suka kira ƙato bayan ƙato, inda masu zaɓe ke yin layi a bayan hoton ɗan takararsu, malamin zaɓe ya bi layin yana ƙirga su da babbar murya a gaban kowa. Tsarin ya rage aringizon ƙuri'a, amma ya tsorata ma'aikacin gwamnati, ɗan haya da matar aure, waɗanda ba sa son maigida ya ga layin da suka bi. Ƙananan jam'iyyu kuwa doka ce ta hana su wanzuwa. A zamanin Sani Abacha, wanda ya kai adadin ƙananan hukumomi 774 a 1996, jam'iyyu biyar ne suka shiga zaɓen Maris na 1997, kuma dukansu daga baya suka tsayar da shi ɗan takarar shugaban ƙasa.

Zaɓen 5 ga Disamba, 1998, a ƙarƙashin Abdulsalami Abubakar, shi ne lokacin da ƙuri'ar ƙaramar hukuma ta fi nauyi. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta ba ƙungiyoyi tara rajistar wucin gadi, ta kuma sharɗanta cewa cikakkiyar rajista sai ga wadda ta samu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u a jihohi 24. PDP da APP sun cika sharaɗin, aka ƙara da AD a matsayin ta uku, sauran suka faɗi. Saboda rayuwar jam'iyya ta rataya ga wannan zaɓe, 'yan siyasa sun shiga lungu da saƙo neman ƙuri'a, kuma majalisun da suka fito sun kasance gauraye a jihohi da dama.

Kundin tsarin mulkin 1999 ne ya sauya wannan yanayi ta hanyoyi biyu. Na farko, sashe na 197 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓe tata, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta bisa amincewar majalisar dokokin jiha, kuma daga baitulmalin jiha take samun kuɗin aiki, yayin da aka bar wa INEC rajistar masu zaɓe da kuma zaɓen ƙananan hukumomi shida na Abuja. Na biyu, sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kashi 20.6 cikin 100, ke bi ta cikinsa kafin ya isa gare su. Da alƙalin zaɓe da lalitar kuɗi suka koma hannun mutum ɗaya, sai gwamnoni suka samu ikon ɗage zaɓe na shekaru, da naɗa kantomomi, da zaftare kuɗi da sunan ayyukan haɗin gwiwa, har ciyamomi da yawa suka koma masu biyan albashi kawai.

Sakamakon ya fito fili a alƙaluma. A Kano, APC ta lashe dukan kujerun shugabanni 44 a 2018 da 2021, lokacin da take mulkin jihar, sannan a Oktoban 2024 NNPP, wadda ta karɓi mulki a 2023, ta lashe duka 44 tare da kujerun kansiloli 484, kuma irin haka ake gani a yawancin jihohi ko wace jam'iyya ce ke mulki. A ranar irin wannan zaɓe akan hana zirga-zirgar ababen hawa, matasa su mayar da tituna filin ƙwallo, wakilan jam'iyyu su zauna a rumfar zaɓe har rana ta take kafin kayan aiki su iso, wani lokaci ba tare da takardar rubuta sakamako ba, kuma sau da yawa akan sanar da waɗanda suka yi nasara daga hedikwatar hukuma ba tare da an wallafa ƙuri'un kowace rumfa ba. Wanda ya ga haka sau biyu ba ya buƙatar mai hana shi fitowa a karo na uku. Wannan ya haɗu da sanyin gwiwar da ya mamaye zaɓukan ƙasa baki ɗaya, inda fitowar masu zaɓen shugaban ƙasa ta sauko daga kusan kashi 69 cikin 100 a 2003 zuwa kusan 35 a 2019, sannan kusan 27 a 2023.

Ga ƙananan jam'iyyu, tarkon ya fi tsanani. Hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwambar 2002, a ƙarar da Balarabe Musa na PRP da Gani Fawehinmi da wasu suka shigar, ya soke yawancin sharuɗɗan da INEC ta gindaya wa masu neman rajista, kuma jam'iyyu suka yi ta ƙaruwa har suka kai 91 a zaɓen 2019. Amma sashe na 225A da aka ƙara wa kundin tsarin mulki ya ba INEC ikon soke rajistar jam'iyyar da ta kasa taɓuka abin kirki a zaɓe, kuma cikin ma'aunan da ya lissafa akwai cin kujerar kansila ko da guda ɗaya. A Fabrairun 2020 aka soke rajistar jam'iyyu 74. Ke nan kujerar kansila, wadda ita ce mafi sauƙin abin da ƙaramar jam'iyya za ta iya nema domin ta tsira, tana hannun hukumar da ba ta saba ba kowa ita ba sai jam'iyyar gwamna. Ga kuma tsadar takara, kamar yadda hukumar zaɓen Kano ta fara sanar da naira miliyan 10 kuɗin fom na ciyaman da miliyan 5 na kansila a 2024, ga rashin damar tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba.

Wuraren da aka samu saɓanin haka sun ƙara bayyana inda cutar take. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen, APGA ta ci kujerar Gwagwalada a 2016, kuma a 2022 PDP da APC suka raba kujerun shida uku-uku, ko da yake fitowar jama'a, musamman a cikin birni, ta kasance kaɗan, abin da ke nuna cewa adalcin alƙali kaɗai ba ya isa idan mutane ba sa ganin aikin hukumar a unguwanninsu. A Kaduna, inda aka gwada na'urar jefa ƙuri'a a 2018, PDP mai adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi. Nasarorin da ƙananan jam'iyyu suka samu a 2024 kuwa na aro ne: a Ribas wata jam'iyyar APP, daban da ta 1998, ta lashe 22 cikin 23, a Abiya ZLP ta lashe 15 cikin 17, kuma a jihohin biyu magoya bayan gwamna ne suka fake da tutar ƙaramar jam'iyya saboda rikicin da ke cikin jam'iyyarsu. Kotun Ƙoli ta soke zaɓen na Ribas a Fabrairun 2025.

Maganin ba sabo ba ne, domin kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 cewa a haɗe hukumomin zaɓen jihohi cikin INEC, a kuma halatta takarar mai zaman kansa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kwamitocin riƙo sun saɓa wa tsarin mulki, kuma a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, lamarin da ya sa jihohi da dama suka gaggauta shirya zaɓe, amma a ƙarƙashin hukumomin da gwamnoni suka naɗa. Hukuncin ya taɓa rabin matsalar, wato kuɗi, ya bar ɗaya rabin ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi, waɗanda sai kashi biyu cikin uku nasu sun amince kafin a gyara kundin tsarin mulki. Muddin mai naɗa alƙalin zaɓe yana da ɗan takara a fili, babu wayar da kan da za ta dawo da jama'a rumfar zaɓe, kuma ƙasar za ta ci gaba da rasa matakin da ya kamata sababbin jam'iyyu da matasan shugabanni su fara koyon mulki a kansa.