Desmond Elliot: Daga Gaban Kyamara Zuwa Majalisar Dokokin Legas

Cikin 'yan fim ɗin kudancin Najeriya da suka tsunduma siyasa, da wuya a sami wanda ya daɗe a kan kujerar zaɓe kamar Desmond Elliot. Sau uku mazaɓar Surulere ta Ɗaya ta tura shi Majalisar Dokokin Jihar Legas, a 2015 da 2019 da 2023. Jama'a da dama suna ɗauka farin jinin fim ne ya kai shi can. A ganina fim ya sanar da fuskarsa ne kawai, jam'iyya ce ta ba shi kujera, kuma a wajen riƙe kujerar nan ya yi asarar abin da fim ɗin ya tara masa.

An haife shi ranar 4 ga Fabrairu, 1974. Mahaifinsa Bayarabe ne ɗan tsibirin Legas, mahaifiyarsa kuwa 'yar garin Illah ce a Jihar Delta ta yanzu. A Jos ya tashi, ya yi firamaren sojan sama, sannan ya shiga kwalejin St. John's. Daga baya ya koma Legas ya karanta ilimin tattalin arziki a jami'ar jihar, ya kammala a 2003.

Lokacin da ya fara fitowa a wasannin talabijin irin su Everyday People da Saints and Sinners, kasuwar fim ta kudu tana kan ganiyarta. Tun da Living in Bondage ya fito a 1992 ya nuna cewa ana iya samun kuɗi da fim ɗin kaset, 'yan kasuwar Idumota a Legas da na titin Iweka a Onica suka zama su ne masu faɗa a ji. Su ke zuba jari, su ke zaɓar fuskar da za a manna a jikin kwali. Ana ɗaukar fim cikin 'yan kwanaki, a buga, a watsa kasuwa. Irin wannan ciniki yana neman saurayi mai kyan gani da zai iya fitowa yau a matsayin masoyi mai haƙuri, gobe a matsayin miji maci amana, kuma Elliot ya dace da wannan gurbi. Finafinan da ya fito a ciki sun haura 200. Bai tsaya a gaban kyamara ba. A 2008 ya shiga cikin masu shirya Reloaded tare da Emem Isong, ya kuma ci gaba da ba da umarni. A 2014 ya karɓi kyautar Africa Magic a rukunin mataimakin jarumi saboda Finding Mercy.

A cikin shekarar ne, a watan Satumba, ya bayyana cewa zai nemi kujerar majalisar jiha a ƙarƙashin APC. Ba shi kaɗai ba ne ɗan fim da ya yi wannan yunƙuri a lokacin. Kate Henshaw ta nemi tikitin Majalisar Wakilai a PDP a Jihar Kuros Riba, ta faɗi tun a zaɓen fid da gwani, alhali ba a ce Elliot ya fi ta suna ba. Bambancin yana ga wurin da kowa ya sa ƙafa. Elliot ya zaɓi ƙaramar kujera, a jam'iyyar da ke riƙe da Legas, a unguwar da ta daɗe tana zaman matattarar 'yan fim. Uwa uba, ya raɓu da Femi Gbajabiamila, wanda ya fara wakiltar Surulere a Abuja a 2003, daga baya kuma ya zama kakakin Majalisar Wakilai a 2019. Ranar 11 ga Afrilu, 2015 Elliot ya ci zaɓe. Wannan ba abin raini ba ne. Mutumin da ya saba a yi masa tafi ya yarda ya zauna taron gunduma, ya saurari koken masu neman aiki da kuɗin makaranta, ya bi layi a bayan dattawan jam'iyya. Yawancin taurari ba su da wannan juriya.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar biyan bashin ta zo a watan Oktoba na 2020. Matasa sun cika tituna suna neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, sojoji sun buɗe wuta a Lekki ranar 20 ga wata, daga nan ɓarna da wawashe shaguna suka biyo baya, har a Surulere. Da majalisar jihar ta zauna, Elliot ya miƙe ya yi jawabi cikin fushi. Ya kira masu rubutu a kafafen sada zumunta yara, ya koka da yadda suke zagin manya, ya nemi a yi wani abu a kai. Faifan jawabin ya bazu cikin sa'o'i. Waɗanda ya kira yara su ne suka girma suna kallonsa a falon iyayensu, kuma har mawaƙi Davido ya fito ya nuna ɓacin ransa. Elliot ya nemi afuwa, ya ce ɓarnar da aka yi wa 'yan mazaɓarsa ce ta ɗebe shi.

Na yarda ɓarnar ta taɓa shi, don masu shagunan nan mutanensa ne. Duk da haka jawabin kuskure ne babba. A makon da iyaye ke neman 'ya'yansu a asibitoci, ɗan majalisar da ya fi kowa sanin yadda ake magana da matasa ya zaɓi ya yi musu faɗa kan rashin ladabi. A zauren nan mai kujeru 40, babu wanda matasa suka fi sa ran zai ji kukansu kamarsa.

Abin da ya faru a 2023 ya tabbatar da inda ƙarfinsa yake. Ranar 25 ga Fabrairu Peter Obi na jam'iyyar Leba ya kayar da Bola Tinubu na APC a Legas a zaɓen shugaban ƙasa. Funke Akindele, wadda finafinanta suka fi na kowa ciniki a sinima, ta tsaya takarar mataimakiyar gwamna a PDP ta sha kaye. Elliot, wanda ake ta yi wa ba'a a intanet, ya koma kujerarsa a zaɓen 18 ga Maris. A farkon 2025, da 'yan majalisa suka tsige kakakinsu Mudashiru Obasa suka ɗora Mojisola Meranda, an gan shi yana hawaye a zauren cikin masu mara mata baya. Ranar 3 ga Maris ta sauka, Obasa ya dawo, bayan manyan jam'iyya sun sa baki.

A Arewa, 'yan fim sun fi shiga gwamnati ta hanyar naɗi: Abba El-Mustapha a hukumar tace finafinai ta Kano a 2023, Ali Nuhu a hukumar finafinai ta ƙasa da ke Jos a 2024. Duk ɗan Kannywood da ke tunanin neman ƙuri'a ya dubi tarihin Elliot da kyau. Ya nemi gindin zama a gunduma kamar yadda shi ya yi, amma ranar da masu kallonsa suka shiga uku, ya tsaya musu a zauren majalisa ko da uban gida zai ɓata rai.