Sunan da Akawu Ya Rubuta: Neman Asali a Sabon Gari da Samaru

Duk wanda ya tashi neman tarihin kakansa a Zariya ta hanyar bin sunan da ke jikin takardar shaidarsa, da wuya ya yi nisa, domin sunan iyali baƙo ne a ƙasar Hausa. Bahaushe yana amsa sunan yanka, ya jingina shi da na mahaifi: ɗan Musa Ibrahim shi ne Sani Musa, jikansa kuma Bello Sani, kafin zuriya ta uku Ibrahim ya ɓace daga takarda. Littafin rajista ne ya tsayar da suna wuri ɗaya, a Zariya kuwa irin wannan rajista ta fi ƙarfi a wajen ganuwa. Sabon Gari ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, Samaru ta samu cibiyar binciken aikin gona a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A tashar jirgi da gonar gwaji da makaranta, akawu yana buƙatar suna biyu kafin ya biya albashi ko ya ba yaro kujera. Da Muhammadu suka yi yawa a layi, sai a tambayi kowa garinsu ko sana'ar gidansu, a rubuta. Haka aka yi a duk faɗin Arewa: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina. Irin wannan suna yana gaya maka inda mutum ya kwano, ba lallai ne ya gaya maka inda kakanninsa suka fito ba.

Za a ce, ai ga Bamalli. Gaskiya ne, sunan yana komawa ga Malam Musa Bamalli, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, ya mulki Zazzau har rasuwarsa a 1821. Daga gidan nan na Mallawa aka samu Sarki Aliyu Ɗan Sidi da Turawa suka tuɓe a 1920, sai bayan shekara 100 sarautar ta dawo musu da naɗin Ahmad Nuhu Bamalli a 2020. Amma gadon sarauta ne ya riƙe wannan suna, don mai neman karaga dole ya iya lissafa kakanninsa. Leburan da ya zo ɗaukar buhunan auduga a Sabon Gari ba shi da maroƙin da zai adana masa salsala.

Nasa tarihin yana bakin tsofaffi, musamman mata. A nan ma akwai mai ja, ya ce tsohuwa tana mantuwa, tana ƙari. Ga kuma kunya: matar da ba ta taɓa kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, wataƙila Malam ko Dogo kaɗai za ka ji daga bakinta. Wannan dalili ne na auna maganarta, bai isa a watsar da ita ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, daga ka ta kawo yadda kakanninta Barebari suka taso daga Barno, da sana'arsu da aurarrakinsu. Mai bincike sai ya haɗa irin wannan zance da askar da ke fuskar kaka a tsohon hoto, da unguwar da ake kai gaisuwar sallah, da dangin da ake wasa da su, sannan ya tafi Kaduna, Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ya duba ko takardun En'e da rahotannin gundumomi sun gaskata abin da ya ji.