ZOBEN KAKANA DA TAMBAYAR MAƘERIN SABO

'Yan uwa ɗaliban Arewa, na nan Ibadan da na sauran jami'o'in Kudu. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Mai jarabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Makonni uku da suka wuce ina alwala a masallacin makaranta, na juya zobena don ruwa ya ratsa, sai na ji ƙwas! Dutsen ya fice ya faɗi kan siminti, yana gangarawa wajen kwata. Da ƙafa na tare shi. Wallahi sai da na zauna a bakin famfo kafin hankalina ya dawo. Zoben azurfa ne mai jan aƙiƙ, na kakana ne, ya bar wa babanmu, babanmu kuma ya sa mini a hannu ranar da zan taho digiri na biyu. Da ya bi ruwa, ban san da wane baki zan yi bayani a gida ba.

Ranar Asabar na naɗe shi a takarda, na hau tasi zuwa Mokola, na taka zuwa Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Aka nuna mini wani dattijo maƙerin farfaru. Ga waɗanda suka tashi a bariki: ƙirarmu iri biyu ce. Maƙeran babbaƙu su ne masu baƙin ƙarfe, fartanya da gatari da wuƙa. Maƙeran farfaru kuwa aikinsu azurfa da tagulla da zinare, wato zobe da munduwa da 'yan kunne da kayan doki.

Da ya karɓa, sai ya juya bayan dutsen ya goga masa magagari. Magagarin ya zame, ko alama bai bari ba. Ya ce, "Wannan dutse ne, yaro. Da kwalba ce da ka ga zane." Mu a littafi muka san ma'aunin taurin duwatsu na Mohs na 1812, inda gilashi ke wajen 5.5, aƙiƙ wajen 7, daimon 10. Shi a hannu ya san abinsa.

Ya nuna mini inda matsalar take. Siririn bakin azurfar da ya rungume dutsen ya suɗe saboda shekaru, har ya daina riƙo. Sai ya yanko wata siririyar azurfa da almakashi, ya gasa ta don ta yi laushi, ya naɗa ta a ƙugun dutsen ya ɗauki awo. Ya ajiye dutsen gefe, domin wuta tana fasa shi, ya liƙe bakin biyu da sinadari. Ashe kalmar sinadari da 'yan kimiyya ke ta ja a lakca, tun da can maƙera ke kiran abin liƙinsu da ita. Ya tsoma a ruwan zafi mai alif da lemon tsami, baƙin wuta ya fita. Ya liƙa wannan sabon gidan a jikin zoben, ya rage tsayinsa da magagari, ya zaunar da dutsen. Daga nan ya riƙa danna bakin da wani ɗan ƙarfe mai santsi: gabas, sai yamma, sai kudu, sai arewa, don kada dutsen ya karkace. Ya bi ya goge har ko farce ba ya samun wurin shiga.

Kayan aikinsa duka ba su cika tire ɗaya ba: 'yar uwar maƙera, 'yar guduma, awartaki, hantsaki, kurfi, da wata sandar ƙarfe mai tsini da yake zura zobe ya daidaita zagayensa. Zugazugin yana rataye a bango ya yi ƙura, yanzu da wutar gas yake aiki.

Yana gogewa ya ce, "Me kake karantawa a Badun?" Na ce, "Tarihi, Baba." Ya ce, "To daga ina dutsen nan ya zo?" Na ce daga Makka, haka ake faɗa a gida. Ya yi dariya. "A Makka aka saya. Wa ya ce maka a can aka haƙo?" Na yi shiru. Tambayar nan ita ta kai ni laburare, ga kuma abin da na samo.

Son jan dutse a ƙasarmu tsoho ne ƙwarai. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, an tona kaburburan manya a 1907, aka sake a 1992. An samu kayan ado na zinare, da duwatsun aƙiƙ, da tasar ƙarfe da ta fito daga Gabas ta Tsakiya, wasu kayan tun wajen ƙarni na 14. A Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, inda Thurstan Shaw ya yi tono daga 1959, an samu duwatsun wuya fiye da 100,000 na gilashi da na aƙiƙ, masu shekara kusan dubu ko fiye. Kun ga ke nan da mu da maƙwabtanmu na Kudu duk muna kan hanyar fatauci guda tun kafin Bature ya leƙo.

Musulunci ya ƙara wa abin daraja. Zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne, shi ne hatiminsa na wasiƙu, kuma ya zo a ruwaya cewa dutsensa na Habasha ne. Zoben ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Sayyidina Usman. Tun da an hana maza zinare, sai azurfa ta zama ƙarfen namiji. Azurfar kuwa sau da yawa kuɗi ne aka narka. Akwai dalar Maria Theresa ta ƙasar Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda tun daga 1780 ko yaushe aka buga ta shekarar 1780 ake rubutawa a jikinta. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, dala ɗaya tana wajen wuri 2,500. Daga baya sulallan azurfa da Turawan mulki suka fara bugawa a 1913 su ma suka shiga wutar maƙera, kafin a 1920 a maye su da na jan ƙarfe.

Shi kuma dutsen, hanyoyinsa da yawa. Akwai na Yaman. Akwai na Khambhat a Gujarat ta Indiya, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana gasa aƙiƙ har ya yi ja, ya feƙe, ya tura ta Bahar Maliya zuwa Jidda da Alƙahira, alhazai da fatake su ƙaraso da shi. A ƙarni na 19 sai garin Idar-Oberstein na Jamus ya shigo kasuwar. Daga shekarun 1830 suna kawo ɗanyen dutse daga Barazil, su rina shi ja, su yanka daidai fasalin da mutanen Afirka ke so. Bayansu masu gilashin Bohemiya suka cika kasuwa da jabu mai arha. Saboda haka dutsen kakana yana iya zama ɗan Yaman, ko ɗan Indiya, ko ɗan Barazil da ya yi wanka a Jamus kafin ya je Makka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin lantana. Mun san Lantana sunan mata, to sunan wani jan dutse ne kuma. Daga yankin Kirtashi a bakin kogin Kwara, cikin Nijar ta yau, fatake Hausawa ke ɗauko shi su kai tsohuwar Oyo, bayan faɗuwarta a shekarun 1830 kuma aikin ya koma Ilorin. Yarbawa su huda shi da ɗan tsinken ƙarfe, bugu kaɗan-kaɗan, su goge a kan dutse, a kai har fadar Benin. Namu ya kawo, nasu ya sarrafa. Da kayan Turai masu arha suka yi yawa a farkon ƙarni na 20, sana'ar ta durƙushe.

Yau fa? Akwai shuɗin yaƙutu a Mambila da kudancin Kaduna, akwai zumurrudu a wajen Gwantu da Nasarawa Eggon, akwai tomalin a Oke-Ogun ta nan jihar Oyo. Ku je kasuwar duwatsu ta Ojoo, ba nisa da makaranta, ku ji yadda Hausa ke tashi. Amma yawancin dutsen ɗanye yake fita. A Bankok da Jaipur ake yanka shi, a ɗora shi a kan faratan zinare irin salon da kamfanin Tiffany ya fito da shi a 1886, inda farata shida ke ɗaga dutse don haske ya ratsa shi. Sai mu saye shi a Dubai muna murna. Haƙa tamu, riba ta wani.

Da zan tafi na tambayi Baba ko yana da yaron da ke koyo. Ya ce 'ya'yansa biyu suna sayar da waya, ɗaya yana acaɓa, ba mai son zaman gaban wuta. Bai faɗa da ɓacin rai ba, wannan ne ma ya fi damuna. Na yi wata takwas ina shaƙar ƙurar fayil a gidan adana tarihi na ƙasa da ke cikin makarantar nan, ina karanta abin da Di'o ya rubuta a kanmu, alhali ga tarihi zaune a Sabo da hantsaki a hannu.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu 'ya'yan maƙera ne da marina da dukawa, amma in aka tambaye mu sana'ar gida sai mu ce "kasuwanci". Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Roƙona ɗaya. In kun je hutu, ku nemi maƙerin farfaru na garinku ko Sarkin Maƙera, ku gaishe shi, ku nemi izini ku kunna rikoda a waya. Ku tambayi sunan kowane kayan aiki, da wanda ya koya masa, da inda suke samun azurfa a da. Ni na yi wa Baba alkawarin komawa Asabar mai zuwa da littafin rubutu, mai son raka ni ya yi magana.

Zoben yana hannuna, dutse ya zauna daram. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu sa'ar abin da ya kawo mu.